Kada a Sauke Bappa a Kolombo

Ƙanena Shanawas ne ya sayi tikitin daga Sharja inda yake aiki, kuma kamar yadda ya saba, bai tambayi kowa ba. Wai iyayenmu sun cika shekara hamsin da aure, dole su huta. Bappa, haka muke kiran mahaifinmu, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gaban tukunyar alawa a Kalikat, wanda ko Juma'a ba ya yarda ya yi a wani masallaci in ba na unguwarmu ba, shi za a ɗauka a zuba a jirgin ruwa mai gidan rawa da wurin caca, a ce masa hutu ne. Shi mai kyautar bai samu izini a wurin aiki ba, sai ni Ramlat, babbar 'ya, aka ce in rufe shagon ɗinkina in raka su. Haka gidanmu yake tun asali, Shanawas ya yi alheri ta waya, ni in ɗauki jakunkuna.

Jirgin zai tashi daga Koci, ya leƙa Male, ya tsaya Kolombo, sannan ya dawo da mu Koci. A hoton da ya turo akwai baranda da teku shuɗi. Ɗakin da aka ba mu kuwa can ƙasa yake a tsakiyar jirgin, ko 'yar kafar da iska za ta shigo babu. Gado biyu ne aka haɗa, sai na uku da ake saukowa da shi daga bango, nawa ke nan. In ka kashe fitila ba ka sanin dare ne ko rana. Bappa ya tsaya a tsakiyar ɗakin ɗaure da farin mundunsa, zanen nan da mazanmu ke ɗaurawa, ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce wa Umma, "Kunjibi, ɗanki ya saya mana kabari mai na'urar sanyi." Umma ta ce ya bar mugun baki. Muka yi dariya, har da ni.

Wurin cin abinci aka haɗa mu tebur ɗaya da wani Mista Kuriyan na Kottayam da matarsa. Tsohon ma'aikacin banki ne, irin mutanen nan da babu abin da ba su sani ba, kuma ya daɗe yana yawon jirgin ruwa, don haka ya naɗa kansa malaminmu. Shi ya koya mana cokalin da ake fara ɗauka, shi ya faɗa mana ruwan da ake biya da wanda ba a biya. Ranar da muka baro Male, ana tsakiyar cin kifi, kamar an aiko shi, ya sunkuyo wajen Bappa.

"Koya, ka san abin da ba sa sawa a talla? Mutuwa. Dubi jirgin nan da kyau, rabinmu tsofaffi ne. A tafiyarmu ta bara wani mutumin Trissur ya yanke jiki ya faɗi a bakin wurin ninkaya. Kafin makaɗa su gama waƙa an zura shi firij. Tashar farko da muka tsaya suka sauke shi ta ƙaramar ƙofa, shi da matarsa da akwatunansu, jirgi ya yi gaba abinsa. Ƙasar mutane, ba harshe, ba ɗan'uwa. Takardu suka ƙi ƙarewa, ƙarshenta a can aka binne shi."

"Kai dai ka bar mutane su ci abinci," in ji matarsa.

"To ƙarya na yi?"

Bappa ya ajiye cokali, bai sake ɗauka ba. Kuriyan bai san inda ya taka ba. Wan Bappa, Assan Koya, ya rasu a Salala, can ƙasar Larabawa, tun ina yarinya, aka binne shi can, har yau babu ɗayanmu da ya taɓa ganin kabarin. Kakarmu ta bar duniya tana tambayar wa ya yi masa wanka. Tun daga lokacin Bappa yake da magana ɗaya da kowa a gidan ya haddace: shi dai a maƙabartar bakin teku, kusa da mahaifiyarsa. Ya sha kai mu ya nuna mana wurin da sandarsa, har da bishiyar da za mu gane shi da ita.

A cikin lif ya kama hannun Umma.

"Kin ji dai, Kunjibi. Ko a buhun shinkafa ne, ki kai ni gida."

"Na ji, sarkin tsoro. Wa ya ce maka yanzu ne?"

"Ki ce kin yi alkawari."

"Na yi. Sakar mini hannu, mutane na kallonmu."

Washegari ranar teku ce, babu tsayawa ko'ina. Bayan abincin rana Bappa ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya ɗora laifin a kan man da suke soya kifi da shi, ya kwanta. Ni kuwa ɗakin ya ishe ni, na hau sama shan iska, na zauna ina kallon manyan mutane da jikoki suna gasar rawa a kan kyautar hula. Da la'asar ta yi na sauko. A jikin ƙofarmu an rataye katin nan da ake sawa in ba a son a dame mutum. Na ƙwanƙwasa. Umma ta buɗe kaɗan, ta fizgo ni ciki, ta mayar ta rufe.

Ta riga ta yi komai. Ta rufe masa ido, ta yage gefen mayafinta ta ɗaure masa haɓa, ta haɗa manyan yatsun ƙafarsa ta ɗaure, ta miƙar da hannuwansa. Ta ce ya farka ya nemi ruwa, ya yi kalmar shahada tare da ita, shi ke nan. Ban san lokacin da na durƙushe ba. Kukan da ya taso mini sai na tura shi cikin matashi, don bangon ɗakin nan ko tari maƙwabci ya yi kana ji.

Da na ɗago na miƙa hannu wajen wayar ɗakin. Umma ta dafe ta.

"Gobe da safe ina muke?"

"Kolombo."

"Jibi fa?"

"Koci."

"To."

"To me, Umma? Umma, ki dube ni. Akwai likita a jirgin nan, dole a faɗa musu. Laifi ne fa, za a iya kama mu. Kuma ke kin fi ni sanin ba a jinkirta gawa."

"Nuna mini ƙasar da zan haƙa in sa shi yanzu, in ba ki wayar. Allah yana ganin ruwa ne gabas da yamma." Muryarta ko rawa ba ta yi. "In kin kira su, gobe su ajiye mini miji a bakin tashar Kolombo kamar kwandon albasa. Kin ji abin da Kiristan nan, Kuriyan, ya ce. Mu wuce Kolombo kawai, 'yar nan. In jirgi ya tashi daga can babu sauran inda za su sauke shi sai gida. Daga nan ki kira duk wanda kika ga dama, har kyaftin ɗin."

Na yi mata magiya, na yi mata faɗa, na kira mata sunan Allah. Umma mace ce da ban taɓa jin ta yi wa Bappa musu a gaban mutane ba, amma duk gidan mun san in ta kafe ko an taru ba a ɗaga ta. Ni ma kuma, gaskiyar magana, ina jin muryar kakarmu a kunnena. Na saki wayar.

Abu na farko sanyi. Na murɗa na'urar har ƙarshe, amma irin wadda aka ƙayyade ce, tana kaiwa wani wuri ta tsaya, ko za ka karya maɓallin. Sai ƙanƙara. A ɗakin akwai ɗan bokitin ƙarfe da bai fi kwanon sha ba. Na ɗauke shi da ledojin da ake zuba kayan wanki, na fita neman inda ake samun ta, aka nuna mini mashaya. Ni da ko ƙofar irin wurin ban taɓa bi ba, ga ni tsaye da mayafina a tsakanin masu ɗaga kofi. Zuwa na farko mai zuba giyar ya cika mini ba magana. Zuwa na uku ya kashe mini ido.

"Madam, shagali ake a ɗakinku ba a gayyace ni ba?"

"Ƙafar babana ce ta kumbura."

"Wannan ƙanƙarar ai ta ishi ƙafar giwa."

Na yi masa murmushi. Da da hali da bokitin zan rotsa masa kai. Daga nan na riƙa rarraba zuwana, wannan mashaya, waccan mashaya, wurin shayi, wurin abincin da kowa ke ɗiba da kansa. Jirgin nan hanyoyinsa duk iri ɗaya ne, kafet ɗaya, ƙofofi ɗaya, sau da yawa na ɓace da leda tana ɗiga a hannuna, ina sauri, ana tare ni ana tallata mini agogo da gyaran fata. Ko'ina kiɗa. Ko a lif kiɗa.

Muka jera ledojin a jikinsa, muka naɗe da tawul, muka lulluɓe da farin mundunsa na Juma'a. Sai Umma ta tambaye ni alƙibla. A gida ko makaho ya san ta. A nan babu rana, babu taga, kuma ɗakin kansa tafiya yake yana juyawa. Na tuna akwai tasha a talabijin da ke nuna taswira da ɗan hoton jirgin, da inda ya sa gaba. Na kunna na ƙiyasta mata. Ta tallabo kansa a hankali ta juya fuskar. Bayan ɗan lokaci hancin jirgin ya karkata a taswira, ta sake juya shi. Wannan ya zama aikinta. Ta zauna a gefen gadon da carbi, idonta a kan talabijin, tana karanta Yasin da ka, jirgi na karkata tana gyara masa kai tana cewa, "Yi haƙuri, sun sake juyawa."

Da ta ciro turaren wuta daga jakarta, da tsalle na kama hannunta, na nuna mata ɗan farin abin da ke manne a rufin ɗakin. Hayaƙi kaɗan zai sa shi ihu, jirgin gaba ɗaya ya taru a kanmu. Ta daɗe tana kallonsa. "Wane irin gida ne wannan da ba a ƙona wa mamaci turare?" Muka yi amfani da 'yar kwalbar turaren Bappa ta aljihu, muna ɗigawa kaɗan-kaɗan don ta kai mu.

Daren ba zan ba da labarinsa ba. Gari dai ya waye, ko in ce talabijin ta ce ya waye, ƙarar injin ta canza, aka sanar a lasifika cikin fara'a cewa mun iso Kolombo, masu yawon gari su fito. Jirgin ba zai tashi ba sai rana ta kusa faɗuwa. Wayata da ta yi shiru tun Male ta samu layi, saƙonnin Shanawas suka yi ta shigowa. Ina hotuna? Bappa ya yi rawa? Itta, haka yake kirana tunda ni ce babba, ku zauna a ɗaki da hantsi fa, kar ku fita. Ya kira, na ƙi ɗauka. Na san ƙanena. In ya ji, kafin in rufe baki ya kira kamfanin jirgin yana ihu da Turanci, ya ce a haɗa shi da manaja.

Ban gane abin da yake nufi da mu zauna a ɗaki ba sai da na ji garaya irin tasu a bakin ƙofa.

Aka ƙwanƙwasa da kiɗa. Na leƙa ta ɗan ramin ƙofar. Ma'aikatan abinci ne sanye da fararen kaya, ɗaya da jita, ɗaya ɗauke da kek mai hawa biyu da kyandir, ga mai hoto a bayansu, ga Mista Kuriyan da matarsa da suka biyo sahu don kada a yi babu su. Shanawas ya biya tun daga Sharja a yi wa iyayensa bikin bazata. A ƙofar ɗaki, da waƙa.

Na fita na ja ƙofar a bayana, na ce babana ba ya jin daɗi, yana barci, a bari sai anjima. Shugabansu ya ce ai ba za su daɗe ba, an riga an biya, mai hoton kuma yana da wasu ɗakuna. Kuriyan ya ɗaga murya, "Koya! Ango! Fito mana, ko amarya ce ta hana ka?" Har ya kai hannu zai tura ƙofar. Sai ta buɗe da kanta daidai faɗin mutum ɗaya, Umma ta fito. Ta gyara mayafi, ta tsaya ta tokare ƙofar da bayanta.

"Su yi a nan," ta ce mini. "Ki ce su yi a hankali."

Suka yi waƙarsu. Aka ba ta wuƙa ta yanka. Matar Kuriyan, baiwar Allah, da zuciya ɗaya ta gutsuro ta kai mata baki, ta ce Allah ya ƙara wasu shekaru masu yawa tare. Umma ta buɗe baki ta karɓa. Na ga maƙogwaronta yana ƙoƙarin haɗiyewa. Matar da ya kamata a ce tana zaune a ɗakin takaba, mata na shigowa suna riƙe mata hannu, ga ta a tsaye a lungun jirgi da man kek a leɓe, mai hoto yana ce mata ta yi murmushi. Ta kuwa yi. Ban taɓa jin na tsani wani abu kamar yadda na tsani jirgin nan a lokacin ba, da ƙanena, da Kuriyan, da ni kaina da nake tafi tare da su.

"A ajiye wa ango nasa," in ji Kuriyan. "Kai, ɗakin nan naku sanyi kamar kan duwatsun Munnar."

Suka tafi. Muka koma ciki da kek a hannu, muka rasa inda za mu ajiye shi.

Bayan azahar ƙanƙarar ta daina riƙewa. Ba zan faɗi fiye da haka ba, mahaifina ne. Kwalbar turaren ta ƙare. Mashayu da yawa sun rufe tunda mutane sun fita gari, wadda ta rage kuma mai kashe idon nan ne a ciki, ya daina wasa, ya fara kallona. Na toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tawul. Ina duba talabijin kamar zan tura jirgin da ido, shi kuwa yana manne da Kolombo ko motsi.

Sai ga ƙwanƙwasar da nake tsoro tun jiya. Filomena ce, mai gyaran ɗakunan layinmu, 'yar Gowa, mace mai manyanta da ke naɗa tawul ta yi siffar giwa ko agwagwa ta ajiye a kan gado. Bappa yana sonta, yana ce mata in ta iya naɗa tawul ya zama kifi soyayye zai ba ta lada. Sau biyu na kore ta ta bakin ƙofa, na karɓi tawul kawai.

"Madam, ki yi haƙuri. Doka ce. In kati ya kwana a ƙofa dole in shiga in ga ɗakin da idona. In ban shiga ba masu tsaro ne za su zo da nasu makullin."

"Anjima, Filomena. Don Allah. In jirgi ya tashi."

"Sun ce kafin ya tashi." Ta dubi tawul ɗin da ke ƙasan ƙofa, ta dubi hannuwana da ƙanƙara ta ƙona suka yi ja. Ta rage murya. "Madam, ina Baba?"

Na rasa ƙaryar da zan yi, duk sun ƙare. Umma ce ta yi magana daga ciki, ta ce in bar ta ta shigo.

Ta shiga, ta tsaya. Ta yi alamar gicciye a ƙirjinta. Umma ba ta jin Hindi, Filomena ba ta jin yarenmu, amma Umma ta sauko daga gadon da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara, ta kama ƙafafun matar nan da hannu biyu. Uwata, da ko gaban surukarta ba ta taɓa durƙusawa haka ba. Ta nuna talabijin, ta ce, "Kolombo," ta girgiza kai. Ta ce, "Koci. Koci."

Filomena ta yi ta ƙoƙarin ɗaga ta tana cewa, "Mama, tashi, Mama, ba kyau." Ta juyo gare ni idonta ya kawo ruwa.

"Madam, kin san abin da kuke nema? 'Ya'yana uku suna makaranta da aikin nan. In aka gane na gani na yi shiru, a Koci za a miƙo mini jakata. Ba a nan kawai ba, babu jirgin da zai sake ɗaukata."

"Na sani."

"Ba ki sani ba." Ta share fuska da bayan hannu. Ta daɗe tana kallon Bappa. "Dole in faɗa. Ba yadda zan yi." Ta ɗauki tawul ɗin da suka jiƙe ta tattara kamar kullum, ta isa bakin ƙofa. "Ɗakunan layin nan suna da yawa, yau kuma bayana yana ciwo. Ban zo naku ba tukuna. Na ƙarshe zan zo."

Muka zauna muna jira. Ina jin kekenta na kaya yana gungurawa daga ƙofa zuwa ƙofa, yana matsowa. A lasifika aka fara kiran sunan wasu mata da miji da ba su dawo daga gari ba, aka kira, aka sake kira. Jirgi guda da dubban mutane yana jiran wasu sakarkaru da suka tsaya sayen ganyen shayi. Na yi musu addu'ar da ban taɓa yi wa kowa ba, su iso lafiya, su iso yanzu. Keken ya tsaya a ɗakin da ke kusa da namu. Na ji ta kunna injin shara, ta kashe, ta sake kunnawa a ɗakin da na san ta riga ta share.

Sai ƙasa ta yi rawa a ƙarƙashinmu. Can sama ƙahon jirgin ya yi kuka mai tsawo. A taswira ɗan hoton ya rabu da tudu. Umma ta sunkuya ta juya fuskar Bappa, ta ce masa, "Mun wuce." Sannan ne ta fashe da kuka, na farko tun jiya, da ƙarfi, ba ta damu da bango ba. Na ɗauki wayar da kaina, kafin Filomena ta ƙwanƙwasa.

Likitan jirgin Bature ne dogo. Ya zo da masu tsaro, ya duba, ya tambaye ni yaushe. Na faɗa masa gaskiya. Ya cire tabarau ya murza ido, ya yi mini magana a hankali kamar mai yi wa yarinya bayani. Ya ce da mun kira shi jiya, da ya duba ya rubuta zuciya ce, tsoho ne, magana ta ƙare. Yanzu gawa ta kwana a ɓoye a ɗaki da ƙanƙara, ba zai iya sa hannu a komai ba. Dole 'yan sanda su karɓe shi a Koci, dole a kai shi asibiti a buɗe a duba.

Na ce, "Amma da kun sauke shi a Kolombo."

Ya ɗaga kafaɗa. "Wani lokaci ana saukewa, in tafiyar da sauran nisa. Mu kuwa gobe muke gida. Kusan tabbas da mun riƙe shi a ɗakin sanyi har Koci. Wa ya ce muku za a sauke shi?"

Umma tana jan hannun rigata. "Me ya ce? Ramlat, me yake cewa?"

Na dube ta. Leɓenta ya bushe, idonta ya faɗa, tun jiya ba ta sa komai a ciki ba sai wannan loma ta kek.

"Ya ce da sun sauke shi, Umma."

Ta gyaɗa kai, ta saki rigata.

Suka tafi da shi ta lif ɗin ma'aikata, suka hana ta bi. A Koci fasinjoji suka fita ta babbar ƙofa, ana yi musu kiɗan ban kwana, mu aka fitar da mu ta ƙasa, inda ake sauke shara da kwalabe. Filomena ban sake ganinta ba. Na tambaya, aka ce ba ta kan aiki, na sake tambaya aka ce ba hurumina ba ne. 'Yan sanda suka yini suna yi mana tambaya ɗaya, ni a wani ɗaki, Umma a wani. Shanawas ya sauka daga jirgin sama ya same mu a can, ya buɗe baki zai yi mini faɗa, na ce in ya furta kalma ɗaya zan mare shi a gaban hukuma. Sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Sai washegari asibiti suka ba mu shi. Muka kai shi Kalikat. Shanawas na cikin waɗanda suka yi masa wanka, ya fito ya je bayan gida ya daɗe. Da aka kira Umma ta yi masa kallon ƙarshe, fuskar kawai aka buɗe, an zagaye ta da auduga har goshi da ƙarƙashin haɓa. Ta kai hannu za ta ɗan ja likkafanin ƙasa, limamin unguwarmu ya ce a hankali, "Bar shi haka, Kunjibi." Ta tsaya da hannun a sama. Ta dube ni. Ba ta tambaya ba, ni ma ban faɗa ba.

An binne shi inda ya nuna da sandarsa, kusa da mahaifiyarsa, gindin bishiyar.

Umma tana cikin takaba aka kawo ambulan daga kamfanin jirgin. Hoton bikin ne, tunda an riga an biya, a cikin kwali mai zanen furanni. Ga ta tsaye riƙe da wuƙa, tana murmushi, ga ni a gefe ina tafi, ga kafaɗar Kuriyan. Na ɗauka zan yaga, ta karɓe daga hannuna. Ta sa aka yi masa gilashi, ta rataye a ɗakinta. Matan da ke zuwa gaisuwa sukan tsaya su duba, su ce ayya, ga shi shi Koya bai fito a ciki ba.

Sai Umma ta ɗora yatsa a kan ƙofar da ke bayanta a hoton, daidai inda ba ta gama rufuwa ba.

"Yana nan ciki," take cewa. "Ina kai shi gida ne."